Rahoton Da Bai Ƙetare Kogi Ba

Kowa ya san ƙasar Haɗejiya ya san ruwa shi ke tsara wa mutanenta shekara. Kogin Kano da na Calawa su ke gamuwa su zama kogin Haɗejiya, shi kuwa in ya wuce garin sai ya rarrabu, wani reshe ya nufi tafkin Nguru, wani ya ratsa fadamu har ya sadu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, su tafi tare zuwa tafkin Cadi. Daga watan Agusta zuwa Satumba ruwan ya kan malale, ya raba ƙauye da ƙauye, hanyar mota ta koma ta kwalekwale. In ya janye sai masunta su shiga, masu noman rani su bi bayansu, Fulani su gangaro da shanu. Saboda haka duk mai wata harka da mutanen Auyo, ko Kafin Hausa, ko Guri, ko Kiri Kasamma, falke ne ko malamin asibiti, ya kan fara tambayar inda ruwa ya ke kafin ya tsai da rana. Masu rubuta shirin gyaran zaɓe a Nijeriya kuwa sun daɗe suna tsai da ranakunsu, ba a ji sun yi wannan tambaya ba.

Maganar da za a yi a nan gajera ce, ko da ya ke hujjojinta da yawa. Gwamnatocin Nijeriya ba su taɓa rasa shirin gyaran zaɓe ba, sun yi shi har ya yi yawa. Aibin yana wajen yadda a ke ƙulla shirin da yadda a ke bayyana shi. A kan ƙulla shi a birnin mulki, a buga shi da Turanci, a ajiye shi inda mai ƙuri'a ba ya zuwa, sa'an nan ba a sa ranar da za a dawo a gaya wa jama'a abin da aka cika da abin da aka bari. Alkawarin da mutum bai ji an yi masa ba, ba shi da bakin tambayar inda aka kwana, abin da ba a tambaya kuwa da wuya a cika shi.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin hanyar da irin wannan shiri ke bi, domin hanya ɗaya ce tun da daɗewa. Zaɓe ya kan ɓaci, mutane su yi kuka, Gwamnati ta naɗa kwamiti ta ba wani babban alƙali ko dattijo shugabancinsa. Kwamiti ya yi rangadin manyan garuruwa, ya karɓi takardun shawara, ya rubuta rahoto, a kai wa Shugaban Ƙasa a gaban masu ɗaukar hoto. Daga nan sai a kafa wani ƙaramin kwamiti ya fito da Farar Takarda, watau takardar da Gwamnati ke bayyana abin da ta karɓa da abin da ta ƙi. Abin da ya tsira a aika wa Majalisa, a can ma a rage. Kafin a gama, wani zaɓen ya gabato, a ce lokaci ya ƙure.

Bayan zaɓen 1983 Gwamnatin soja ta naɗa Mai Shari'a Babalakin ya binciki hukumar zaɓe ta FEDECO, rahotonsa na 1986 ya tona yadda aka cusa sunayen ƙarya cikin rajista. Bayan shekara 21, ranar da aka rantsar da Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, 29 ga Mayu 2007, shi da bakinsa ya yarda zaɓen da ya kawo shi yana da aibi. A watan Agusta na shekarar ya naɗa kwamiti na mutum 22, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, tsohon Babban Jojin Nijeriya, shi ne shugaba. Suka miƙa rahoto a Disamba 2008. Suka ce a cire naɗa shugaban Hukumar Zaɓe daga hannun Shugaban Ƙasa, Majalisar Alƙalai ta ƙasa ta yi shela ta tace masu nema, kana a kai wa Majalisar Dattawa ta tabbatar. Suka ce a kafa hukuma ta dabam mai kama masu laifin zaɓe, ta gurfanar da su. Suka ce a gama shari'ar zaɓe kafin a rantsar da kowa. A watan Maris 2009 Gwamnati ta ƙi ta farkon ƙiri-ƙiri. Ta biyun kuwa, kwamitin Shehu Ahmad Lemu ya sake kawo ta a 2011, bayan tarzomar da ta bi zaɓen shekarar, kwamitin Sanata Ken Nnamani ya sake kawo ta a 2017, amma har aka yi zaɓen 2023 ba a kafa hukumar ba. Kwamiti uku, shawara ɗaya, shekara 15, babu wanda ya tsaya gaban jama'a ya faɗi dalili da harshen da su ke ji.

Ba a ce ba a sami kome ba. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya sa kuɗin Hukumar Zaɓe, watau INEC, ya riƙa fitowa kai tsaye daga asusun ƙasa, ya kuma ɗaure kotun ƙarar zaɓe da kwana 180. A zamanin Farfesa Attahiru Jega aka yi sabuwar rajista da hoton yatsa a 2011, aka kawo na'urar karanta kati a 2015. A 2021 aka ƙara rumfunan zaɓe daga 119,974 zuwa 176,846, abin da aka kasa yi tun 1996. Hukumar kuma ta koyi rubuta shirinta na shekara biyar biyar: akwai na 2012 zuwa 2016, da na 2017 zuwa 2021, da na 2022 zuwa 2026. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar zaɓe ranar 25 ga Fabrairu 2022, kashegari Hukumar ta fito da jadawalin zaɓen 2023 duka, shekara guda kafin ranar. Wannan aiki ne na kirki, wanda ya ƙi yaba shi bai yi adalci ba. Sai dai waɗannan littattafai na shiri da Turanci aka wallafa su, a intanet aka ɗora su, kuma irin Turancin da ko wanda ya gama sakandare sai ya sha wuya. To, bari a ɗauki jadawalin nan mai kyau a kai shi bakin kogin Haɗejiya, a ga yadda zai kasance, domin gani ya kori ji.

An rufe rajistar masu zaɓe ranar 31 ga Yuli 2022, tsakiyar damina, sa'ad da manomi ba ya da ranar da zai ba layi. Cikin Agusta da Satumba ambaliya ta zo, wadda ba a ga irinta a Nijeriya ba tun 2012. A ƙasa baki ɗaya mutum fiye da 600 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya suka rabu da gidajensu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi ci. Gidajen ƙasa suka rushe a ƙauyukan fadama, mutane suka fita da abin da hannu ya iya ɗauka, da yawa suka koma kwana a makarantun firamare, waɗanda galibi su ne rumfunan zaɓe. A ƙaddara wani magidanci a ƙasar Guri, katinsa na zaɓe yana cikin akwatin da ruwa ya tafi da shi. Dokar 2022 ta ce wanda ba shi da kati ba zai jefa ƙuri'a ba. Dokar nan kuma, a sashe na 18, ta ce wanda katinsa ya ɓata ko ya lalace ya je da kansa wurin jami'in zaɓe ya nemi wani, muddin da sauran kwana 90 kafin ranar zaɓe. In aka lissafa daga 25 ga Fabrairu 2023, ƙofar nan ta rufe a ƙarshen Nuwamba. Mutum nawa ne cikin masu kwana a azuzuwan nan suka san akwai sashe na 18? Kuma ko sun sani, ta wace hanya mutum zai isa ofishin ƙaramar hukuma, alhali gadar ta karye, kuɗin kwalekwale ya fi na abincin yini?

Daga 12 zuwa 25 ga Nuwamba aka kafe sunayen masu zaɓe don kowa ya duba nasa, ya yi ƙorafi in da kuskure. Lokacin kaka ke nan, wanda ruwa ya bar wa wani abu yana gona yana tattarawa, wanda bai bar wa ba yana neman itace da karan sake rufin ɗaki. Aka fara raba kati ranar 12 ga Disamba a ofisoshin ƙananan hukumomi, sai 6 ga Janairu aka saukar da rabon zuwa mazaɓu, aka rufe ranar 5 ga Fabrairu. A ƙasa duka kati fiye da miliyan 6 ya kwana ba a karɓa ba. Wani zai ce ambaliya ikon Allah ce, ba wanda ya san zuwanta. Ikon Allah ce lalle, amma ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. An yi ta a 2001, da 2010, da 2018, da 2020. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, tafiyar kogin ta sake, kacalla ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa bin inda bai saba ba. Har wa yau Gwamnatin Tarayya tana da hukumar NIHSA, wadda kowace shekara kafin damina ta kan buga hasashen ambaliya, ta ambaci jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Da an aza takardar hasashen nan da jadawalin zaɓe a kan tebur ɗaya, da ko ɗan ƙaramin akawu ya ga cewa ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya suna bukatar shafi nasu na dabam. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ita ce illa ta fari, shirin da aka ƙulla ba tare da mai ɗaki ba, shi kuwa ya san inda ya ke masa yoyo. Illa ta biyu ta fi ta ciwo, ita ce saɓa alkawari ba tare da ba da lissafi ba. Ranar 2 ga Afrilu 2011 mutane suna kan layi aka ce an ɗage zaɓen 'yan Majalisa, kayan aiki ba su iso ba. Ranar 16 ga Fabrairu 2019, cikin dare kafin asuba, aka ɗage zaɓen Shugaban Ƙasa da mako guda. Mai karatu ya tuna Fabrairu rani ne, samarin ƙasar Haɗejiya da yawa suna cin rani a Kano, da Ikko, da sauran garuruwan Kudu. Wanda ya biya kuɗin mota ya komo gida don ya jefa ƙuri'a inda ya yi rajista, aka wayi gari aka ce ya jira kwana bakwai, wa ya mayar masa da kuɗinsa? A 2023 Hukumar ta yi ta nanata cewa da an gama ƙidaya a kowace rumfa za a ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS, a ɗora a intanet kowa ya gani. Ranar zaɓe na 'yan Majalisa ya hau, na Shugaban Ƙasa ya ƙi hawa a kan kari, aka ce na'ura ce ta sami tangarɗa. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli, ranar 26 ga Oktoba 2023, ta yanke cewa rashin ɗorawar bai isa ya rushe zaɓen ba. Ashe abin da talaka ya ɗauka alkawari ne ɗaurarre, a wurin shari'a bai kai haka ba, kuma ba wanda ya bayyana masa bambancin tun da wuri. Cikakken bayanin Hukumar ya fito a Fabrairu 2024, shekara guda bayan zaɓe, cikin littafi mai shafi fiye da 500, da Turanci.

Sakamakon wannan hali ba ɓoyayye ba ne. A 2023 mutum miliyan 93 da ɗoriya ke cikin rajista, waɗanda suka fito kuwa kimanin 27 ne cikin 100, ba a taɓa yin ƙarancin haka a zaɓen Shugaban Ƙasa ba tun 1999. Abin lura kuma, Jigawa tana cikin jihohin da suka fi fitowa, a 2019 da 2023 duka. Watau mutanen da aka fi bari cikin duhu game da shirin, suna cikin waɗanda suka fi ba shi amana. Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne, amma a nan wanda aka yi wa alkawarin shi ke ɗauke da kayan.

Masu kare wannan hali suna da amsoshi, ya kamata a saurare su. Ta farko, su kan ce shirin zaɓe aikin masana ne, ina ruwan masunci da lissafin motoci da na'urori, shi dai a gaya masa rana da wuri. Amsar wannan ita ce, ba wanda ya ce a fassara masa shafi 500. Abin da ya shafe shi bai wuce shafi huɗu ba: yaushe za a buɗe rajista a mazaɓarsa, yaushe za a rufe, in kati ya ɓata ina za a je, rumfarsa tana nan ko an matsar da ita, wane ne jami'in da alhakin ke wuyansa, me aka yi alkawari bara, me aka cika. Mutumin da ke lissafin zakkar amfanin gonarsa da ka, ya san farashin buhun shinkafa a kasuwa uku, ba zai kasa gane wannan ba. Rashin bayani kuwa yana da farashi. A zaɓen Shugaban Ƙasa na 2019, da aka jera 'yan takara 73 a takarda ɗaya, ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu 200 aka soke don an dangwala ba daidai ba.

Ta biyu, su kan ce ai ana sanarwa da Hausa a rediyo. Gaskiya ne ana yi, amma me a ke cewa? A fito a yi zaɓe, kada a yi faɗa, kada a sayar da ƙuri'a. Duk wannan aikin talaka ne a ke tuna masa. Aikin Hukuma, da ranar da ta ɗaukar wa kanta, da abin da za a yi mata in ta saɓa, su ne ba a karantawa. Wa'azi ga mai ƙuri'a da Hausa, alkawarin Hukuma da Turanci, wannan rabo bai yi daidai ba.

Ta uku, su kan ce ƙasar da faɗi, kuɗi kuwa kaɗan. Hukumar da ta nemi Naira biliyan 305 don zaɓen 2023 ba za ta ce kuɗin buga 'yar takarda mai shafi huɗu ne ya gagare ta ba. Batun faɗin ƙasa kuwa, tarihin Haɗejiya kansa ya ƙaryata shi. A zamanin En'e, in lokacin haraji ya yi, malamai su kan fita ƙidaya unguwa unguwa, hakimi ya sanar da dagaci, dagaci ya sanar da mai unguwa, sanƙira ya kewaye kasuwa, babu rugar da mai karɓar jangali bai san hanyarta ba, ko da tana can tsakiyar fadama. Haka aka yi ta yi har 1979, da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a jihar Kano, wadda Haɗejiya ke cikinta kafin a yanki Jigawa a 1991. A wannan zamani ma masu allurar shan inna sun bi gida gida, da taimakon hakimai da dagatai, har aka ba da shaidar kawar da cutar daga Nijeriya a 2020. Ashe in Gwamnati tana neman wani abu wurin talaka ta san ƙofar gidansa. Sai ranar da shi ke binta bashin bayani ne hanya ke yin nisa.

Kada mai karatu ya zaci ana yabon zaɓen zamanin En'e ne. A 1951 zaɓen Arewa hawa hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, En'e kuma tana da ikon cusa nata mutane a hawan ƙarshe, har 'yan NEPU da suka ci a matakin farko cikin birnin Kano suka zube kafin a kai Majalisa. 'Yan adawa sun sha ɗauri a kotunan alƙalai, sun sha hanin lacca. A zaɓen 12 ga Disamba 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa, mata sai a 1979 suka shiga babban zaɓen ƙasa. Wannan duk ba abin komawa ba ne. Abu ɗaya dai mutanen wancan zamani suka gane, shi ne in ana son magana ta isa ƙauye sai a faɗe ta da harshen ƙauye. Don haka aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka yi Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa buga wa larduna jaridunsu, Sodangi ta lardin Kano tana cikinsu. Abin kunya ne a ce bayan shekara fiye da 60 da samun mulkin kai, an ci baya a wannan fanni.

Akwai kuma wata hukuma da ta fi INEC kusa da mutanen fadama, amma an fi ƙarancin jin shirinta, ita ce hukumar zaɓe ta jiha da ke Dutse, mai gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi 27 da mazaɓu 287. Shugaban ƙaramar hukuma da kansila su ne masu gyaran rijiya da jinga da ɗakin shan magani, zaɓensu ya fi shafar ƙauye da na kowa. A Oktoba 2024 jam'iyyar APC mai mulkin Jigawa ta cinye kujerun shugabanni 27 duka. A cikin watan nan kuma jam'iyyar NNPP, wadda ke mulkin Kano a lokacin, ta cinye 44 duka. Cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce, ta duk mai riƙe da gidan Gwamnati ce. Kwamitin Uwais ya hango wannan tun 2008, ya ba da shawara a shigar da hukumomin jihohi cikin tsarin ta ƙasa, ita ma aka bar ta a takarda.

To, me ya kamata a yi? Ba sai an naɗa sabon kwamiti ba, abin da ke ƙasa ya isa. Na fari, kowane shiri da Hukumar Zaɓe ta buga, ta ƙasa ko ta jiha, a ciro masa taƙaitawa ta kowace ƙaramar hukuma, da Hausar boko da ajami, tun da a ƙasar Haɗejiya masu karanta ajami ba kaɗan ba ne. A manna ta a ƙofar hakimi, da bakin kasuwa, da mashigin kwalekwale, a karanta ta a rediyon jiha kalma kalma. Aikin sarakuna a nan ya tsaya ga isar da sanarwa, kada hannunsu ya kai ga rajista ko akwati, don kada a koma gidan jiya.

Na biyu, kafin a tsai da jadawali a zauna da mutanen wurin a mazaɓunsu, da sarkin ruwa, da arɗon Fulani, da shugabannin manoma, da mata, da wakilan dukan jam'iyyu. Ƙasar Gana ta gwada irin wannan. Bayan rigimar zaɓen 1992 hukumar zaɓenta ta kafa zaman tuntuɓa da jam'iyyu a 1994, daga nan aka yarda da akwatin da a ke ganin cikinsa a zaɓen 1996, 'yan adawar da suka ƙaurace a da suka komo. Hukumar zaɓen Indiya kuwa ta ɗaure kanta da ƙa'ida cewa kada mai ƙuri'a ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 2 zuwa rumfa, ƙa'idar da kowane ɗan ƙauye zai iya aunawa da ƙafarsa.

Na uku, ƙananan hukumomin da hasashen ambaliya ya ambata a ba su tanadi na musamman a rubuce. A kai musu rajista ƙauye ƙauye da rani, in ruwa ya ci gari a buɗe musu ƙofar sake kati a inda suka yi sansani. INEC tana da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira tun 2015, wanda ruwa ya kora ma ɗan gudun hijira ne. A Disamba 2024 Hukumar ta bayyana shawarwari 142 da ta tsamo daga zaɓen 2023, cikinsu har da cewa a daina mai da katin roba shi kaɗai ne shaidar mai zaɓe, 'yar takardar da kwamfuta ta buga ta wadatar, tun da na'ura na gane yatsa da fuska. Wannan shawara kamar don magidancin nan na Guri aka yi ta. Hakkinsa ne ya ji ta, ya kuma ji inda ta kwana.

Na huɗu, kowane alkawari a rubuta masa rana, da muƙamin wanda zai cika shi, a kuma bayyana ko doka ce ta ɗaure shi ko kuwa niyya ce kurum, don kada a sake yin irin ta 2023. Na biyar, wanda shi ne ginshiƙin sauran, kowace shekara a dawo a ba da lissafi a bainar jama'a, a ce cikin 142 ga waɗanda aka yi, ga waɗanda aka fasa, ga dalili. Ma'ajin En'e ma, da iliminsa na elemantare, ba ya rufe littafin shekara sai an bi shi layi layi an ga shiga da fita sun daidaita. In Gwamnati ta ƙi wata shawara, ikonta ne, amma ta faɗi dalilinta da Hausa a Haɗejiya, yadda wanda bai gamsu ba zai riƙe abin a ransa har ranar ƙuri'a.

'Yan Majalisar Tarayya da ke wakiltar Jigawa ta Arewa maso Gabas, da 'yan Majalisar jiha a Dutse, su ne ya wajaba su fara ɗaga wannan magana, domin da ƙuri'ar mutanen nan suka hau. In sun yi shiru, malaman makaranta, da limamai, da ƙungiyoyin manoma da masunta, su tambaye su duk ranar da suka zo gida. Ruwa zai sake zuwa cikin Agusta kamar yadda ya saba, zaɓe ma zai sake zuwa. Allah ya sa kafin nan a sami mai ɗauko shafi huɗun nan ya ƙetare kogi da su, amin.